Ƙura a sama, sanƙarau a ƙasa: abin da ya faru a ƙauyuka 49 na Madarunfa

Akwai wani gwaji da innarmu ke yi wa duk yaron da ya kwanta da zazzaɓi tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar ruwan farko. Ba ta tambayar inda ke masa ciwo. Durƙusawa take, ta sa tafin hannu a ƙeyarsa, ta ce, “Ɗan nan, taɓa ƙirjinka da haɓarka in gani.” In ya sunkuyo lafiya, sai ta ce masassara ce, a bari gari ya waye a kai shi likita. In kuwa wuya ya ƙi, yaro ya ƙwalla ƙara, to ko tsakar dare ne sai an tado mai kabu-kabu. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba. Amma ta san watannin sanƙarau kamar yadda ta san watannin shuka, ta kuma san in hadari ya fara haɗuwa a gabas, cutar ta kusa naɗe tabarmarta.

Na fara da ita ne saboda aikin da zan ba da labarinsa ya tara masana daga Yamai da Faransa da Amurka da Ingila da Indiya, an shekara fiye da 20 ana yinsa, kuma rabin tambayar da suka sa gaba inna ta daɗe da amsa ta: yaushe cutar ke zuwa? Ɗaya rabin shi ne mai wuya. A wane ƙauye za ta sauka bana, kuma me za a yi a kwana ukun farko? A nan Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, aka samo ɗaya daga cikin amsoshin da suka fi amfani, a bazarar 2017.

Ɗamarar sanƙarau

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana a taswira yankin da annobar ke yawan dawowa: wani ziri ne kudu da Sahara, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 zuwa 1,100. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal har Habasha, kamar ɗamara a ƙugun Afirka. Maraɗi da Katsina da Kano da Damagaram duk suna tsakiyar ɗamarar.

Abin da ke rikita mutane shi ne ƙwayar cutar ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a maƙogwaron masu lafiya garau, mutum ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka, tana bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ta kwantar da kowa ba. Da damina ma tana nan. Sai rani ya yi nisa take ƙetare maƙogwaro ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan abu ne na awoyi. In ba magani tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko da magani, wajen ɗaya cikin goma na tafiya, cikin waɗanda suka tashi kuma ɗaya cikin biyar na fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, shanyewar wata gaɓa. Kusan kowace unguwa tana da kurman da aka haifa da jinsa.

A 1996 aka yi mafi muni da aka rubuta: mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. Shekara guda bayan haka aka kafa wani kwamitin ƙasa da ƙasa mai riƙe da rumbun allurar rigakafi ta gaggawa, wanda duk ƙasar da annoba ta faɗa wa za ta roƙa. A 2009 ta sake tasowa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, aka yi ta gangamin lamba, wato allurar rigakafi, a Maraɗi da Doso da Damagaram.

Masu kallon sama

Tunda cutar na bin yanayi sau da ƙafa, sai masana iska suka shigo. A 2006, ƙarƙashin babban shirin nazarin daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, aka kafa tashoshin awon ƙura guda uku a jere: Mbur a Senegal, Sinzana a Mali, da Banizumbu, wajen kilomita 60 gabas da Yamai. Na'urorin na auna ƙurar nan mai laushi da ke wuce hanci ta gangara ƙirji. A lokacin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada awon yini ya wuce mikurogiram 50 a iskar da za ta cika akwati mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi. A 2021 ma ta rage shi zuwa 45. A Banizumbu da rani ɗaruruwa ake gani, ranar buji mai ƙarfi har fiye da 1,000. Da yawan ƙurar daga Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, tsohon gindin tafkin Cadi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe ƙasa. Wadda ke sauka a kwanon furar mai saida goro a babbar kasuwar Maraɗi, ƴar'uwarta na ƙetare teku har dajin Amazon.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa likitoci da masana yanayi a wani shiri mai suna MERIT, da nufin a riƙa hango annoba daga iska da ƙura tun kafin ta iso. Nijar ta zama babban fagen aikin, don tana da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi: lissafin masu sanƙarau na mako-mako, gunduma-gunduma, tun daga tsakiyar shekarun 1980. Ga kuma cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai.

An gano abubuwa na gaske. Binciken da aka yi da alƙaluman Nijar da Mali ya nuna in ƙura ta yi tashin gwauron zabi, bayan mako ɗaya zuwa biyu masu cuta na ƙaruwa. Wani da ya fito a 2017, na haɗin gwiwar CERMES da Jami'ar Libaful ta Ingila, ya duba shekara 8 na bayanan Yamai, ya ga haɗarin na hawa in zafi ya haura digiri 39.5 kuma ƙura ta rufe gari. Suka ƙara da gwaji a kan ɓeraye, da wata ƙwayar cutar daban mai kawo ciwon huhu da sanƙarau: ɓerayen da suka shaƙi ƙura cikin zafi, ƙwayar ta fi saurin barin hancinsu ta shige ciki. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Yadda hunturu ke fasa leɓe da dugadugi, haka yake yi wa fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗa da mura da tarin lokacin sanyi, da yadda ake cunkushewa ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga.

Amma hasashe fa? A 2014 masana na Jami'ar Kolambiya da hukumar NASA ta Amurka suka fitar da nazarin da ya haɗa alƙaluman Nijar na 1986 zuwa 2006 da bayanan iska da ƙura. Suka ga iskar Nuwamba da Disamba, tare da yawan waɗanda suka kamu tun farkon lokaci, na iya nuna ko shekarar za ta yi tsanani a ƙasa baki ɗaya. Da aka sauko matakin gunduma, ƙarfin hasashen ya ragu. Ƙauye kuwa ba a ma maganarsa. Cibiyar yanayi ta ACMAD da ke Yamai na fitar da taswirar gargaɗi da rani, tana da amfani ga mai shirya rumbun magani a babban birni. Sai dai in taswira ta yi ja tun daga Doso har Damagaram, babban likitan gunduma mai mota ɗaya da man kwana uku bai san ta ina zai fara ba. Ƙura ɗaya ce ke sauka a Gabi da Safo da Jiratawa da Ɗan Isa, duk cikin gundumar Madarunfa, amma ba tare cutar ke faɗa musu ba. Ban da haka, tashar Banizumbu na wajen kilomita 500 daga nan.

Masu binciken CERMES da cibiyar Pasteur sun taɓo wannan a 2012, da suka bar gunduma suka koma duba yankin kowace ƙaramar likita. Suka ga annobar tsibi-tsibi take farawa, a ƴan yankuna kaɗan, lissafin gunduma kuma ya haɗiye ta. Ma'aunin da ake aiki da shi yanzu ya ce mutum 3 cikin 100,000 a mako gargaɗi ne, mutum 10 annoba ce. Ɗauki misalin gunduma mai mutum 500,000: sai an ga 50 a mako kafin ƙararrawa ta kaɗa. Ƙauyuka uku maƙwabta na iya kwantar da yara 20, ana zaman makoki, takarda kuma na cewa lafiya lau.

An kashe A, C ta taso

Kafin mu isa Madarunfa sai an san dalilin da ya sa aka rasa allura a lokacin. Ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce, ana kiransu da haruffa. Wadda ta addabi ɗamarar tun zamanin kakanni ita ce A. A 2001 gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70 ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar kiwon lafiya ta PATH su samo allurar rigakafin A ta musamman. Jami'an lafiya na Afirka suka gindaya sharaɗi tun farko: in ta kai rabin dalar Amurka ba za mu iya saye ba. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓi aikin a kan wannan farashi, da fasahar da aka samo daga Amurka. A Disamban 2010 aka fara ba da allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga ƴan shekara 1 zuwa 29. A Cadi an auna an ga cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi ta. An ma amince allurar ta yi kwana 4 ba ƙanƙara a zafin da bai wuce digiri 40 ba, abin da duk wanda ya taɓa goya akwatin sanyi a babur cikin Afrilu zai gane darajarsa. A ganina wannan ne haɗin gwiwa mafi kyau da aka taɓa yi kan cutar, kuma sirrinsa shi ne masu ciwon ne suka faɗi farashi.

A ta ɓace kusan ƙaf. Ana murna, sai wani sabon nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya bi Kebbi, ya ƙetaro. A 2015 ya kama mutum wajen 8,500 a Nijar, 573 suka rasu, mafi yawa a Yamai da Doso, har aka rufe makarantun Yamai a Afrilu. Allurar C ta yi ƙaranci a duniya. A 2017 ya mamaye Zamfara da Sakkwato da Katsina, mutum fiye da 14,000, rasuwa fiye da 1,100. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa kuwa taku nawa ne? Kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi, almajirai na kai da kawowa.

Ko da allurar na rumbu, hanyarta doguwa ce. Sai an haura ma'auni, a tabbatar da harafin ƙwayar a ɗakin gwaji, ƙasa ta rubuta roƙo, kwamiti ya amince, jirgi ya sauke a Yamai, mota ta kawo, a shirya gangami, sannan jiki ya ɗauki wajen kwana 10 kafin kariya ta kama. Burin da aka sa shi ne a fara cikin mako 4. Annobar ƙauye kuwa a mako biyu ko uku take cin kasuwarta ta watse. Sau da yawa ihu ne bayan hari.

Bazarar 2017

Tambayar da ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar da ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, da reshenta na bincike mai suna Epicentre suka yi ke nan: kafin allura ta iso, in aka ba mutane ƙwayar magani guda ɗaya mai share ƙwayar cutar daga maƙogwaro, zai rage masu kamuwa? Maganin ba sabo ba ne, siprofuloksasin ne, wanda kowa ke kira sipro. Kuma in zai yi, wa za a ba: ƴan gidan mara lafiya kaɗai, ko gari duka?

Abin da ya fi burge ni a aikin ba sakamakon ba ne, shirin ne. Ba a bincike kan annoba sai tana ci, in kuma aka jira ta zo sannan a fara rubuta tsari da neman izinin kwamitin ɗa'a, za a gama ruwa ya sauka. Su tun ran gini suka yi zane. An rubuta tsarin, an amince da shi, aka ajiye ana jiran inda cutar za ta faɗo. Epicentre kuma na da cibiya a Maraɗi tun 2009, da ma'aikata ƴan ƙasa da suka san hanyoyin Madarunfa, don a nan ne suka yi gwajin allurar gudawar yara mai jure zafi da jarirai 3,508, wanda sakamakonsa ya fito a 2017 ɗin. Ba baƙi ne suka diro da jaka ranar da aka fara mutuwa ba.

Daga 22 ga Afrilu zuwa 18 ga Mayu aka shigar da ƙauyuka 49, masu mutum 71,308. Lura da kwanakin: bujin hunturu ya wuce, ana tsakiyar zafin da ko kaza buɗe baki take. Duk ƙauyen da aka samu mutum na farko da alamun sanƙarau, sai ƙuri'a ta jefa shi ɗaya daga cikin rukuni uku. Ƙauyuka 17 aka bar su kan yadda aka saba, wato a yi wa mara lafiya magani. A 17 aka ƙara da ba ƴan gidan duk wanda ya kamu sipro. A sauran 15 aka raba wa gari duka, cikin awa 72 da samun labarin na farko.

Wanda ya san ƙauyukanmu ya san awa 72 ba wasa ba ce. Sai an gaida maigari, liman ya sa baki, sankira ya zaga. Samari da yawa suna cin rani ba su dawo ba, magidanta na gona suna sassabe, mata na layin rijiya, in ta faɗo ranar kasuwa rabin gari ba ya nan. Ga lissafin yawan maganin da ya dace da kowane yaro gwargwadon shekarunsa, a wurin da uwa ke ƙirga shekarun ɗanta da damina. Duk da haka an kai wajen kashi 77 cikin 100 na mutanen ƙauyukan da aka raba wa kowa.

Bayan na farko-farkon, mutum 248 aka ƙara samu a ƙauyukan. In aka mayar da lissafin kan kowane 100,000, a rukunin da aka bari yadda aka saba 451 ne suka kamu. A na ƴan gida 386. A na gari duka 190. Da aka daidaita bambance-bambancen da ke tsakanin ƙauyukan, rabon gari duka ya rage cutar da wajen kashi 60 cikin 100, na ƴan gida kuwa bai nuna wani bambancin da za a dogara da shi ba.

Wannan na biyun ya fi koyarwa. A Turai da Amurka ƴan gida ake ba magani, kuma ya wadatar, saboda a can gida na da ƙofa mai kulle. A nan ina iyakar gida? Yaro ya karya a ɗakin kakarsa, ya yi karatun allo a zauren malam da yara 40, ya sha ruwa a moɗa ɗaya da abokan wasa, ya kwana wajen goggonsa. Ran suna ko biki mata 30 na ɗaki guda. In ka share maƙogwaron mutum goma na gida ɗaya, gobe za su sake ɗaukowa a bakin rijiya. Wannan fassarata ce, amma lissafin bai ƙaryata ta ba. Darasi ne da ba za a taɓa koyonsa daga tauraron ɗan'adam ba, ko daga littafin da aka rubuta don wata ƙasa.

Akwai wani adadi a rahoton da ya fi tsaya mini a rai. Masu binciken sun ji tsoron raba sipro ga dubban mutane zai sa ƙwayoyin cuta na hanji su saba da shi, don haka suka gwada bayan gidan wasu kafin rabo da bayansa. Ba su ga canji ba. Amma dalilin ba na murna ba ne: tun kafin a raba ko ƙwaya ɗaya, kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka gwada na ɗauke da ƙwayoyin da sipro ba ya kashewa. Ban yi mamaki can-can ba. Je tasha ka ga mai tallan magani da faranti a ka, rana na dukan kafso, ana saye biyu-biyu kamar alewa. An je neman amsar sanƙarau, aka yi tuntuɓe da wata matsalar da ba ta da ƙararrawa.

Ruwan baya

Rahoton ya fito a mujallar PLOS Medicine a Yunin 2018, da sunayen ƴan Nijar cikin marubutansa. Su da kansu suka faɗi rauninsa: ruwan baya, wato wanda ake ɗiba da allura daga ƙashin bayan mara lafiya, da aka aika don tabbatar da cutar bai da yawa. Ke nan da dama cikin 248 ɗin alamu aka bi, ba gwaji ba.

Na taɓa ganin inda wannan raunin ke farawa, a wata ƙaramar likita da na kai ɗan yayata, ba a shekarar binciken ba. An kawo wani yaro ɗan wajen shekara bakwai a amalanke, kansa ya lanƙwashe baya. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba, ya ce sai an ɗebi ruwan baya. Uban, dattijo ne mai furfura, ya dafa kafaɗar yaron.

“Likita, yi mai allura dai. Ba a huda min bayan yaro. Na ga wanda anka yi ma, har yau ba ya tahiya.”

“Baba, allura kam yanzu za ni yi mai, ko kun yarda ko ba ku yarda ba, ba ni jira. Wancan da kuka gani, ciwon ne ya shanye shi, ba ɗibar ruwa ba. Ruwan ga ba don ɗanku kaɗai ba ne. Shi za ya gaya muna wace iri ce, don a kawo lambar da ta dace ma sauran ɗiyan garinku.”

Dattijon ya yi shiru har na ɗauka ya ƙi. Can ya ce, “Kaɗan za ka ɗiba?” Majo ya nuna masa kan ɗan yatsa. Aka kwantar da yaron a gefe, aka naɗe shi gwiwa da haɓa, uwar ta juya fuska bango. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na randa. Wannan ya ɗigo gari-gari, kamar an wanke shinkafa. Majo bai ce komai ba, ya dubi mai taimaka masa, ita kuma ta riga ta fasa kwalbar maganin.

Daga wannan ɗigon komai ke tashi. Sai an samu kwalbar da ta dace, a rubuta takarda, babur ya kai gunduma, gunduma ta kai Maraɗi, mota ta yi fiye da kilomita 600 zuwa Yamai. Ƙwayar sanƙarau ba ta da juriya, takan mutu a hanya. Abin da ya sauƙaƙa shi ne tun 2002 CERMES ta fara gwajin da ke gane sawun ƙwayar ko ta mutu. Duk wani lissafin kwamfuta da ake yi a jami'o'in waje, da taswirar ja da ɗorawa, da roƙon allura, a kan hannun majon nan suke tsaye, shi da ke aiki da fitilar salula in wuta ta ɗauke.

Tsoron dattijon kuma kada a kira shi jahilci kawai. Mutanen Maraɗi na jin labarin Kano kamar na maƙwabcin gida. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a can, 11 suka rasu cikin rukunonin biyu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk mai zuwa bincike ƙasar Hausa da wannan bashin yake tararwa, ko ba shi ya ci ba. Hanyar biya ɗaya na sani: a nemi yarda da harshen da mutum ke mafarki da shi, in an gama kuma a dawo a faɗi abin da aka gano. Rahoton Madarunfa da Turancin Ingilishi ya fito, kamar yadda aka saba a duniyar bincike. Mutum 71,308 da aka yi lissafi da su sun cancanci jin 451 da 190 a rediyon garinsu, balle yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa.

Zafin da ke gaba

A ɓangaren allura an ci gaba. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da MenFive, mai kare nau'i biyar, A da C da W da Y da X, ita ma daga Serum Institute da PATH, bayan gwaji a Mali da Gambiya. Najeriya ce ta fara amfani da ita a Maris na 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar. Kafin nan, daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023, Damagaram ta ga mutum 559 da rasuwa 18, cutar kuma ta ɓulla a Jigawa. Akwai alƙawarin duniya na kawar da annobar nan da 2030.

Yanayin da ke buɗe mata ƙofa kuwa ba sauƙi yake yi ba. Wani Bahaushen masani, Auwal Abdussalam, da abokan aikinsa na Ingila da Amurka, sun yi nazari a 2014 da bayanan asibitocin Kano da Sakkwato da Gusau, suka nuna zafi na cikin manyan abubuwan da ke tafiya da cutar, kuma ɗumamar duniya na iya ƙara yawanta a watannin da ta saba. A 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, masana suka ce da ba don hayaƙin da ɗan'adam ke turawa sama ba, irin wannan zafin da bai faru ba. Kan ƙura kuwa masanan ba su haɗa baki ba, wasu lissafin na cewa za ta ragu, wasu na cewa akasin haka. Mu nan mun ga ƙasa ta sauya sau biyu a rayuwa ɗaya: ta zama fili fetal bayan farin 1973 da na 1984, sannan gawo da kalgo suka dawo gonaki ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, wanda daga jahar nan ya bazu. Yadda itatuwan ke karya iska kowane manomi ya sani. Tsakanin wannan da lafiyar maƙogwaron yara akwai aikin bincike da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta fi kowa kusa da shi, in da za a dasa na'urar awon ƙura ko ɗaya a gefen Gulbi a ɗora alƙalumanta kusa da rajistar likitocin karkara.

Rajistar dai tana nan. Kowane mako majo na jawo babban littafinsa, ya bi layi-layi da yatsa: ƙyanda, amai da gudawa, sanƙarau. Ko bai ga kowa ba sai ya aika, don sifili ma labari ne. Ran da na koma karɓo sauran maganin ɗan yayata na tarar da shi tsaye kan tudun bayan likita, inda salula ke kamawa, littafin a hammata, yana ɗaga murya saboda iska: “Sanƙarau, biyu. E, biyu. Guda na ɗebi ruwa, guda uban ya ƙiya.”